Ɗakin Injunan Jami'a da Kawuna Mai Gyaran Firji

A Briqueterie aka haife ni, unguwar da mu 'yan ciki muke kira Birik, a layin da ke bayan shagunan masu ɗinki, kuma har yau daga nan nake fita aiki. Kakanmu fataucin yadi ne ya kawo shi Yawunde, ya zauna bai koma ba. 'Yan gidanmu duk ko masu yadi ne ko teloli. Ni ce na kauce na karanta kwamfuta, na samu aiki a wata jami'a ta nan garin, a sashen da ke kula da injuna da intanet. Idan aka tambayi mahaifiyata aikina, takan ce, "Tana gyara musu ordinatar." Ban taɓa musa mata ba, don yawancin ranaku abin da nake yi ke nan.

Wata safiya cikin damina shugaban sashen bincike ya aiko a kira ni. Na hau sama da takalmina duk jan taɓo, ina zaton firintarsa ce ta sake ƙin aiki. Sai ya ce in zauna. Ya ce jami'a ta samu tallafi don a samar wa masu bincike injunan lissafi masu ƙarfi. Akwai irin lissafin da kwamfutar kan tebur za ta yi makonni tana nishi ba ta gama ba, shi ya sa ake haɗa injuna da yawa su raba aikin a tsakaninsu. Hanya biyu ce. Ko mu sayi namu mu ajiye a ɗaki a cikin jami'a, ko mu riƙa hayar na wani babban kamfani da ke ƙasar waje, mu aika aikinmu ta intanet a yi a can. Wannan na biyun shi ne masu sana'armu suke kira girgije.

"An yi zama uku a kan wannan," in ji shi da Faransanci, yana murza goshi. "Ba a tashi da komai ba sai ciwon kai. Ke za ki rubuta mana tsarin. Ba ki da bincike, don haka ba wanda zai ce kin ja wa kanki."

Na ce masa ban taɓa tsara abu mai girma haka ba. Ya ce ai duk ginin ba wanda ya taɓa.

Mutum biyu ne suka raba kan malaman. Na farko wani tsohon farfesa ne, ɗan kudu, mai furfura da laima wadda ba ya rabuwa da ita. Bincikensa a kan ruwan sama ne, yadda yake gangarowa daga tuddan garin nan ya cika kwari ya shiga gidajen mutane. Shi injin da zai taɓa da hannunsa yake so. Ta biyu wata dakta ce, sa'ata, da ta dawo daga karatu a Turai, tana nazarin ƙwayoyin halittar sauro da cutar da yake ɗauka. Ita a wurinta sayen injuna tsohon yayi ne.

Tun da ban san ta inda zan fara ba, sai na ɗauki littafi da biro na bi su ofis ofis ina tambayar abin da suke lissafawa da gaske.

A ƙarƙashin teburin Farfesa na ga wata tsohuwar kwamfuta, an manna mata takarda da jan biro cewa kada kowa ya kashe. Ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan tana aiki a kan ruwan kwari guda. Idan wuta ta ɗauke, sai ya sake daga farko. Na tambaye shi me ya sa ba ya son haya. Ya goge gilashinsa. Ya ce ya taɓa ajiye aikin shekaru a injin wasu abokan bincikensa na waje. Da haɗin gwiwar ya ƙare, wata rana ya tashi ya tarar an rufe ƙofar, wanda ya sani a can kuma ya bar aiki. Wasiƙu ya yi ta rubutawa kafin a dawo masa da wani sashe.

"Ɗiyata," ya ce, "abin da yake ɗakina, na san hanyar ɗakina."

Dakta kuwa da na shiga wurinta, jakar hannunta ta buɗe ta zazzage min faifan ajiya guda huɗu, kowanne naɗe cikin ɗankwali don kada ya bugu a taksi. Duk bincikenta yana cikin jakar nan, kusa da turare da makullin gida. Ta ce a can inda ta yi karatu, da safe za ta buɗe injuna ɗari, da rana ta rufe, ba ruwanta da ƙura ko wuta. Ta yi maganar da zafi, amma tana dariya.

Na ce musu, kowanne a ofishinsa, mu daina gardama mu gwada.

Da Dakta muka fara. Ranar Litinin da safe muka haɗa faifai ɗaya muka soma aika abin da ke cikinsa zuwa girgije. Kullum in na iso, kafin in ajiye jaka, sai in leƙa in ga inda layin nan mai nuna ci gaba ya kai. Tafiyarsa ta yi kama da ta taksin da ya shiga cunkoson kasuwa. Ranar Alhamis ko rabi bai kai ba, sai intanet ɗin ya yanke, ya dawo, abin ya ce mu sake daga wani wuri can baya. Dakta ta kifa kai a tebur ta yi ta dariya har da hawaye. Da ta ɗago sai ta faɗa min abin da ba ta taɓa faɗa a zaman malamai ba. Wani ɓangare na bayananta daga jinin marasa lafiya aka samo shi, kuma izinin da aka ba ta bai yarda ya fita ƙasar ba. Ta ce ta san da haka, tana dai jin haushin yadda tsohon yake magana ne kamar shi kaɗai ya san Yawunde.

Na Farfesa akasin haka ya zama. Bayanansa ba su da nauyi, lissafin ne mai tsawo. Na karɓi kwafin aikin nan da tsohuwar kwamfutarsa take fama da shi, na ɗora a injunan haya na gwaji kafin in tafi sallar azahar. Kafin in yi la'asar har ya gama. Na kai masa sakamakon. Ya duba, ya dube ni, ya ce in bar masa. Kwana biyu bai neme ni ba. A na uku ya sauko har ofishinmu da ke ƙasa, wurin da ban taɓa ganinsa ba, ya tsaya a bakin ƙofa da laimarsa.

"Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Daidai suke." Ya juya zai tafi, sai ya ƙara da cewa, "Wannan bai canza ra'ayina ba."

Daga nan na gane cewa dole mu yi biyun, ɗan ɗaki namu da kuma haya. Amma ɗakin ne ya fi ba ni tsoro. Na san injuna, na san yadda ake haɗa su su yi magana da juna. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake hana su dahuwa. Irin waɗannan injunan zafi suke fitarwa kamar murhun mai soya, dare da rana.

Wata Lahadi muna tsakar gida ina ba mahaifiyata labari, tana tankaɗe tana cewa "to" ba tare da ta saurara sosai ba. Ƙaninta yana zaune a kan tabarma yana shan shayi. Kawu mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan muke kira kilim. Shagonsa yana kan hanyar Ekoudou, cike da gawarwakin firji har bakin titi. Bai wuce firamare ba, amma yana jin Fulatanci da Faransanci da Fijin, wato Turancin kasuwa, kuma duk da Hausa yake fara su. Uwata yake ce min, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa min.

"Uwata," ya ce, "ɗakin nan naku, bangonsa ina yake kallo?"

Na ce ban sani ba.

"Iskar da ta fito da zafi, ina za ta?"

Na ce kilim zai sanyaya ta.

Ya ajiye kofin. "Gobe kafin ki tafi biro, ki biyo ta shago." Biro yake ce wa ofis.

Washegari ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa muka tafi Etoudi. Akwai wani mai nama kusa da kasuwar shanu da Kawu ya gina wa ɗakin sanyi, shi yake kula da shi shekara da shekaru. Na shiga da doguwar rigata ta aiki ina tattare ta, cinyoyin shanu a rataye hagu da dama. Kawu bai damu da ƙyamata ba. Ya nuna min labulen roba mai kauri da aka yayyanka a bakin ƙofa, wanda yake hana sanyi gudu in an buɗe. Ya nuna min injin sanyi biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana hutu. Ya ce kullum ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, domin ranar da babban ya mutu, naman duka ya mutu da shi. Ya ciro zare daga aljihu ya riƙe a sama, muka ga inda iska take kaɗa shi, ya matsa gefe, zaren ya tsaya cak.

"Nan ba a rataye komai," ya ce. "Sanyi ba ya zuwa. A ɗakinku ma akwai irin wurin nan. Sai an nemo shi."

Mai naman ya ba ni hanta a leda, na rasa yadda zan ƙi, haka na tafi jami'a da ita na saka a firjin ofis.

Na nemi izinin shugaba in kawo Kawu ya ga ɗakin da aka ware. Farfesa ne ya zaɓi ɗakin, wani tsohon sito a ƙasan gininsu, don yana kusa da ofishinsa. Ranar da za mu je, Kawu ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a da hula, tef ɗin awo a aljihu. Na ce masa ai ba sai ya yi ado ba. Ya ce ba zai je ya kunyata uwarsa a gaban manyan malamai ba.

Farfesa ya tare mu da kansa. Ya miƙa hannu ya ce, "Alhaji." Kawu ya ce tukuna dai, Allah bai kira shi ba, amma ya karɓi addu'ar. Suka shiga ɗakin ina biye. Kawu ya auna tsawo da faɗi, ya ɗora tafin hannu a bangon da ke kallon yamma, ya girgiza kai. Ya duba rufi. Daga nan ya tattare rigar Juma'ar ya durƙusa a kusurwa, ya kankare fenti da farce. A ƙasan bangon akwai wani layi mai duhu da ya zagaye ɗakin, tsayinsa ya kai taƙi guda daga ƙasa.

"Malam," ya ce da Faransancinsa na kasuwa, "wannan ɗakin yana shan ruwa. Ba kowace shekara ba, amma yana sha."

Farfesa ya sunkuya ya duba. Ya fita waje, muka bi shi. Ya tsaya yana kallon gangaren da ya sauko daga filin ajiye motoci ya nufo bayan ginin kai tsaye, da magudanar da ciyawa ta cinye. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana lissafin inda ruwan garin nan yake bi. Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Sai na ji wani sauti, na ɗago, ashe dariya yake yi, har yana dogara da laima.

"Kada ki gaya wa Dakta," ya ce.

Ban gaya mata ba. Shi da kansa ya gaya mata a wannan ranar.

Sun yi fiye da awa guda suna zagaya ginin, shi da Kawu, suna buɗe ɗakuna. A hawa na farko suka samu wani wanda rana ba ta dukansa, kusa da inda babbar wayar wuta take shigowa. Kawu ya ce injunan duk su kalli gefe guda, su shaƙi sanyi ta gaba su fitar da zafi ta baya, a raba tsakani da labule irin na mai nama. Ya yi maganar batura da janareto, da wanda zai riƙa zuba masa mai. Da za mu tafi ya yi tambayar da ta fi kowacce amfani a wurina.

"In abin nan ya tsaya ranar Salla, ko ranar Kirsimeti, wa za a kira?"

Muka dubi juna ni da Farfesa. A duk zaman da aka yi, injuna ake ta lissafawa, ba wanda ya lissafa mutum. Da na koma ofis na buɗe sabon babi a tsarin, na rubuta cewa sai an horar da aƙalla mutum biyu, kada in zama ni kaɗai.

Makonni na yi ina rubutu. Abin da na tsara shi ne, aikin yau da kullum da na ɗalibai da duk bayanan da ba a yarda su fita ba, a yi su a ɗakinmu. Babban lissafi na lokaci guda, wanda zai toshe wa kowa hanya, a kai shi haya, a gama a rufe. Kuma duk abin da aka yi a waje, kwafinsa ya dawo gida. Saura abu ɗaya da na san zai tayar da ƙura, wato layi: in aiki ya yi yawa, na wa za a fara?

Ban so a yi wannan a ɗakin taro ba. Na gayyace su Birik ranar Asabar da rana. Dakta ta sha zuwa sayen yadi, Farfesa kuwa ya ce rabonsa da unguwar tun yana ɗalibi, lokacin da suke zuwa cin soya, wato gasasshen nama, in an biya su kuɗin tallafin karatu. Kawu ya je da kansa wurin mai gashin da ya yarda da shi ya zaɓo nama, mahaifiyata ta yi masa da miyar taushe. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Farfesa ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya ce tashin ne zai nemi taimako.

Sai da yajin ya fara sa su share hanci na kawo maganar. Farfesa ya ce a bi girma, manyan malamai su fara. Dakta ta ce a bi wanda ya riga zuwa. Suka ɗan ja. Na ce akwai manhaja da ke raba layi da kanta, tana duba wanda ya daɗe bai samu ba ta matsar da shi gaba, wanda ya ci da yawa a makon ta ja shi baya kaɗan, ba ta san farfesa ba, ba ta san ɗalibi ba. Farfesa ya ce wannan rashin kunya ne. Ya tauna nama, sai ya ce amma ɗalibansa uku suna rubutun digiri, kuma in aka bi girma su ne za su kwana a baya. Ya yarda. Dakta ta nemi a bar wata ƙofa ta gaggawa don lokacin ɓarkewar cuta, shi ma ya yarda da wannan tun kafin ta rufe baki.

Mahaifiyata ta leƙo daga bayan labule ta tambaye ni da Hausa ko sun shirya. Na ce sun shirya. Ta ce to a ƙara musu masa.

Kwamitin jami'a ya karɓi tsarin bayan ya rage shi. Injunan da aka amince a saya ba su kai waɗanda na nema ba, kuma sun daɗe a hanya har na daina amsa masu tambaya. Aikin sanyaya ɗakin ma ba Kawu aka ba ba, domin ba shi da takardun kamfani irin waɗanda ake nema. Abin ya dame ni fiye da yadda ya dame shi. Da na je shago ina ba shi haƙuri, yana kwance a ƙasa rabin jikinsa a bayan wani firji, ya ce shi dai in gaya masa ranar da ma'aikatan kamfanin da aka ba za su zo. Ranar ya je ya tsaya a kansu, hannu a baya, kamar shi ya aiko su. Ya sa suka juya bututun da ruwan kilim yake bi, don da sun bar shi a saman injunan. Babbansu ya karɓi lambar wayarsa kafin su rabu.

Ranar da muka kunna, ni da abokin aikina da aka horar muka gwada komai tun da safe, sannan na aika wa malamai saƙo cewa layi a buɗe yake. Na zauna ina kallon allo, ina jiran in ga aikin wa zai fara shigowa. Shiru. Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta yi, injuna suna ta huci ba abin yi.

Na hau wurin Farfesa. Ya ce ai Dakta ce ya kamata ta fara, aikinta na rayukan mutane ne. Na sauka wurin Dakta. Ta ce ba za ta shiga gaban tsoho a rana irin wannan ba, a gidansu ba a koya mata haka ba. Na sake hawa, na sake sauka. Kowanne ya kafe a kan ɗaya ya fara, da irin taurin kan da suka yi gardamar farko da shi.

Ina dawowa ofis a karo na uku, abokin aikina ya nuna min allo. Aiki ya shigo. Wani malamin kimiyyar haɗa magunguna ne ya turo, mutum mai shiru da bai taɓa zuwa zama ko ɗaya ba, ban ma san ya karanta saƙona ba. Injunan suka ɗauka gaba ɗaya, ƙararsu ta canza, fitilunsu suka shiga ƙyaftawa. Muka shiga ɗakin muka tsaya a bayansu, inda iska mai ɗumi take fitowa ta bugi labulen roba. Na duba ma'aunin zafi, yana nan inda ya kamata.

Da la'asar malamin ya sauko ya yi godiya, ya tambaya ko zai iya turo wani gobe. Na ce ya turo. Bayan fitarsa ba da jimawa ba aikin Farfesa da na Dakta suka shigo kusan a tare, suka jeru a layi. Na rufe ofis, na tsaya a bakin titi ina kiran "Birik" ga taksi har na samu mai zuwa wajenmu.